Takardun shiga soja na zamanin yaƙin Kudu: yadda ake nemo su, a tantance, a adana

A gidajen Hausawa da yawa na Mai Wurno, Gadarif, Kasala, Madani da Damazin a ƙasar Sudan akwai akwatin ƙarfe guda da ba a cika buɗewa ba. A can ƙasansa, ƙarƙashin takardun fili da na ɗaurin aure, ake tarar da takardun soja: katin hidimar ƙasa na wani wa da aka sauke daga bas aka wuce da shi sansani, takardar shaidar horon Difa'ush Sha'abi, wato rundunar sa-kai ta gwamnati, ko takardar sallamar kakan da ya yi soja tun zamanin Turawa. Wanda zai shiga tara irin waɗannan ya sani tun farko cewa ba kamar tara kan sarki ko tsohon kuɗi ba ne. Kusan kowace takarda tana da mai ita, shi ko 'ya'yansa suna nan da rai, wasu ma har gobe da ita ake karɓar fansho. Don haka hoto da labari su ne farkon aiki. Mallakar takardar kanta daga baya ne, in ta samu.

Zamanin da kake nema

An kafa Rundunar Tsaron Sudan a 1925, bayan tarzomar 1924 da fitar da sojojin Masar. Tana da sashen gabas a Gadarif, Hajjana masu raƙuma a Ubayyid, sashen yamma a Fashir, da sashen Istiwa'iyya a Torit. Wannan na Torit ɗin ne ya yi bore ranar 18 ga Agusta 1955, daga nan ake ƙirga yaƙin Kudancin Sudan na farko, wanda yarjejeniyar Adis Ababa ta 1972 ta kashe. A wancan zamani soja aiki ne da mutum kan je nema da ƙafarsa, shi ya sa abin da za ka samu bai wuce takardar ɗauka, ta gwajin lafiya, ta hutu da ta sallama ba, kuma ba su da yawa.

Yaƙi na biyu ya tashi a Mayu 1983 da boren bataliya ta 105 a Bor, ya ƙare da sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 9 ga Janairu 2005 a Nairobi. Ambaliyar takardu ta zo ne bayan juyin mulkin 30 ga Yuni 1989. A ƙarshen shekarar aka yi dokar Difa'ush Sha'abi, a 1992 kuma dokar hidimar ƙasa ta hau kan maza 'yan shekara 18 zuwa 33: wata 24 ga wanda bai gama sakandare ba, wata 18 ga mai shahadar sakandare, wata 12 ga wanda ya gama jami'a. Zamanin kasha ke nan, ana tare motoci ana neman kati. Daga 1997 aka riƙa kwasar ɗaliban da suka rubuta jarrabawar shahada zuwa sansani, rukuni-rukuni, da sunan Izzatus Sudan. A farkon Afrilu 1998 matasa da yawa suka nutse a kogin Nilu suna ƙoƙarin tserewa daga sansanin Ailafun don su yi Babbar Sallah a gida. Duk takardar da ta ambaci Ailafun a wannan shekara, ka riƙe ta da hannu biyu, ka kuma yi hattara da yadda za ka yi wa iyalin tambaya.

Ga Bahaushe akwai ƙarin dalili. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, alhali mutanen Mai Wurno sun iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Gidaje da yawa sun sha wuya kafin su sami jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Takardar da ke nuna uban gida ya sa kakin sojan ƙasar shaida ce da ake ji da ita, kuma wannan ne ya sa tsofaffi ba sa son ta bar gida ko na yini ɗaya.

Shiga gida

Kada ka je da maganar saye. Ka je ta hannun wanda gidan ya sani, limamin unguwa ko wani tsohon soja abokin mai gidan, ka faɗi abin da kake yi a fili: za ka ɗauki hoto a gabansu, ka mayar musu da takardarsu nan take. Ka tafi da littafin rubutu, fensir, rula, ƙyalle mai duhu na shimfiɗawa da ambulan masu tsabta. Biro ba ya kusantar takarda.

Tambayar da ke buɗe bakin tsohon soja ita ce ta dufa'a, wato rukunin da aka ɗauke su tare: "Baba, a wace dufa'a kuka shiga, kuma wane sansani aka kai ku?" Yawancinsu suna riƙe da nimirarsu, wato lambarsu ta soja, a ka ko da sun manta shekara. Ka rubuta nimirar, sansanin horo, rundunar da aka tura shi, garuruwan da ya zauna a Kudu, da shekarar da ya dawo. In mai takardar ya rasu, Hajiya ko Inna ce ta san labarin, kuma gara mace ta yi wannan zaman. Ka tambayi sunan da aka fi saninsa da shi a gida, domin takarda tana ɗauke da suna huɗu na Larabci, nasa da na uba da kaka da kakan uba, unguwa kuwa Tanko ko Ɗanladi ta sani. In babu wannan haɗi a littafinka, nan da shekara 20 ba wanda zai gane mutum ɗaya ne. In takardar tana da gurbin ƙabila, ka kwafe abin da magatakarda ya rubuta harafi da harafi, Hausa ne, Fallata ne, Barno ne ko Takruri, kada ka gyara masa.

Takardun gida ɗaya su zauna tare, a jerin da ka same su. Katin hidima shi kaɗai abu ne ƙarami. Katin tare da takardar kira, takardar izinin hutu, wasiƙar da yaron ya aiko daga Juba ko Wau da takardar khuluwwi ɗaraf, ta shaidar ba a binsa komai, da aka ba shi bayan ya gama, wannan rayuwar mutum ce daga shiga har fita. Masu raba su don su jera kati da kati, hatimi da hatimi, ɓarna suke yi.

In iyalin da kansu suka ce ka ɗauka, ka fara tambaya ko ana amfani da ita wajen fansho, haƙƙin magadan shahidi ko shaidar kammala hidima. In ana yi, ka ƙi karɓa. In ba a yi, a rubuta 'yar takardar kyauta da sunan mai bayarwa, kwanan wata da shaida ɗaya. Biyan kuɗi a cikin unguwa kuskure ne: da zarar an ji ana sayen takardun soja, yara za su fara yashe akwatin kakanninsu. Kyautar da ta dace ita ce kwafi mai kyau da ka buga ka kawo musu. Abin da ka tsinta wurin masu tsofaffin littattafai ko a ƙunshin tasali, wato gasassun 'ya'yan kankana da ake ɓarewa a ci, da gyaɗa, wannan ka saya, ka rubuta rana da wuri, amma ka san ya riga ya rabu da rabin darajarsa tunda ba mai ba da labarinsa.

Gane shekarar takarda

A nan ne mai tarawa ke bambanta da mai kwasa. Takardun Sudan suna da alamomi da dama da ke nuna zamaninsu, kuma dole su yarda da juna.

Ka fara da sunan ƙasa a saman takarda. Daga 1956 zuwa 1969 Jamhuriyyatus Sudan ne. Zamanin Numairi, 1969 zuwa 1985, an ƙara Addimuƙraɗiyya, bayan faɗuwarsa aka cire. Tambarin farko karkanda ne, a farkon mulkin Numairi aka koma tsuntsun nan saƙarul jidyan mai buɗaɗɗun fukafukai, da taken "Annasru lana". Takarda mai karkanda da kwanan watan 1990 ba ta yi ba. Amma kada sunan Ƙuwwatush Sha'abil Musallaha ya ruɗe ka ka ce lallai ta Numairi ce: sunan ya daɗe bayansa, dokar soja ta 1986 ma da shi aka yi ta, sai a 2007 aka sauya ta.

Sai rabon ƙasa. Tsofaffin takardu mudiriyya suke ce wa lardi. A shekarun 1980 ana ganin iƙlimi. Wilaya ta shigo a 1991 da jihohi 9, a 1994 aka mayar da su 26. Saboda haka hatimin da ya ce Wilayar Sinnar ko Wilayar Gadarif ba zai riga 1994 ba, domin kafin nan Sinnar tana cikin Wilaya ta Tsakiya, Gadarif tana cikin ta Gabas. Wannan alama kaɗai tana kama takardu masu yawa da aka yi wa ƙarin shekaru.

Kuɗin da ke jikin damga, wato kan sarkin haraji, ko rasit shi ma shaida ne. Fam da girshi ake rubutawa har 1992, lokacin da dinari ya shigo a kan fam 10. A 2007 sabon fam ya dawo a kan dinari 100. Sai dai mutane sun ci gaba da lissafi da tsohon fam a baki da rubutun hannu duk tsawon zamanin dinari, don haka abin da aka buga da inji za ka yarda da shi, ba abin da magatakarda ya ƙara da biro ba. Raƙam waɗani kuwa, wato lambar ɗan ƙasa, a 2011 ya fito. In ka gan shi a takardar da ke cewa 1996, to ko dai madadin wadda ta ɓata ce aka fitar daga baya, ko ta jabu ce. Madadi ba laifi ba ne, amma a rubuta shi madadi.

Muƙamai ma suna taimakawa. Ombashi, shawish, yuzbashi da bimbashi gadon Turkawa da Masar ne, na zamanin Rundunar Tsaro da farkon 'yancin kai. Arif, raƙib, naƙib da muƙaddam na baya ne. In kwanan watan Hijira kaɗai ke jiki, ka ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622: 1413 za ta ba ka 1992 da ɗoriya, wato ta faro a tsakiyar 1992 ta shiga 1993. In akwai Hijira da Miladiyya duka, ka gwada su da kalanda. Saɓanin kwana ɗaya ba komai ba ne, saɓanin wata biyu abin tambaya ne.

Yanzu ka ɗauki takardar ka duba ta da hasken gefe. A ce takardar kira ce ta shekarun 1990, an ninke ta huɗu ta daɗe a aljihu. Bakin ninkin zai yi laushi ya yi duhu, rubutun da ya faɗa kan ninki zai goge daidai wurin. Harafin tafireta yana nutsa cikin takarda, in ka shafa bayanta da yatsa za ka ji tudunsa, kuma wasu haruffan sun fi wasu baƙi. Bugun roniyo, tsohon injin kwafi, yana da tawada mai ɗan yaɗuwa a gefen haruffa. Hatimin roba, shuɗi ko shunayya, ba ya fita daidai ko'ina, gefe ɗaya ya fi danni, kuma tawadar takan ɗan ratsa baya. A kan kati, hatimi yana hawa rabi kan hoto rabi kan takarda, zoben ya haɗu ba tsalle. In hoton yana da ragowar hatimi da bai dace da na katin ba, an sauya hoto. Tsatsar fil ɗin da ya riƙe hoton za ta bar tabo gaba da baya a wuri ɗaya. Hatimin da aka buga da firinta kuwa, gilashin ƙara girma mai ninki 10 zai nuna maka shi ɗigo-ɗigo masu launi, a kwance sumul ba danni.

Jabun da za ka fi haɗuwa da shi ba na kasuwar masu tarawa ba ne. Na zamanin ne: katin ɗage hidima ko na yafewa da aka yi wa yaro don ya tsira daga kasha. Kada ka jefar da shi. Shi ma tarihi ne, wani lokacin ya fi na gaskiya faɗin yadda aka rayu. Ka rubuta shi a matsayin abin da yake, ka ɓoye sunan mai shi.

Adanawa

Abin da ya fi kashe takardun nan ba gara ba ce, laminatin ne. Zafin injin da gam ɗin ledar suna shiga cikin takarda, ba a ɓare su ba tare da rubutun ya biyo ba, kuma alamun danni da muka ambata duk sun tafi. Salatif shi ne na biyu: bayan 'yan shekaru gam ɗin ya zama ruwan ƙasa, ya ratsa takarda, ledar ta faɗi ta bar tabo. Takardar da ta yage a bar ta a yage, a sa ta cikin aljihun leda mai kyau, ya isa.

Ba kowace leda ba. Fayil mai taushi da sheƙi mai warin sabuwar roba na PVC ne, a zafin Sudan yana manne wa hodar fotokwafi ya ɗebe rubutu. Ka nemi na foliyesta ko na folifurofilin, waɗanda ba su da wari. In ba ka samu ba, farar takarda sabuwa da aka ninka biyu ta fi ledar banza, sai a riƙa sauya ta in ta fara rawaya. Tsofaffin takardun gwamnati da yawa girman fulskaf ne, kusan santimita 20 da 33, sun fi A4 tsawo da kamar santimita 3. Kada ka lanƙwasa gindinsu don su shiga fayil, ka nemo babba.

Fil da kilif masu tsatsa a cire su: a kwantar da takarda a rub da ciki, a ɗaga ƙafafun fil ɗin da bakin siririyar wuƙa marar kaifi, sannan a zare ta gaba. Ban da fil ɗin da ke riƙe hoto a kati, wannan a bar shi, domin shaida ne. Ƙurar habub, wato guguwar rairayi, a share ta da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Ruwa ko jiƙaƙƙen ƙyalle ba sa taɓa takarda, domin tawadar hatimi da ta fensirin kofi suna narkewa nan take. Takardar da ta daɗe a ninke a buɗe ta a hankali, a sa ta tsakanin fararen takardu biyu, a ɗora littattafai masu nauyin kilo 2 zuwa 3 na mako biyu. In ta fara ƙara kamar za ta karye, a daina, a ɗauki hotonta ninki-ninki. Dutsen guga haramun ne a nan. Takardar faks mai santsi kuwa tana dushewa da kanta, zafi kuma ya baƙanta ta, don haka a ɗauki hotonta ranar da aka same ta.

Akwatin ƙarfe yana da kyau, yana tare ɓera da kyankyaso, amma a ɗaga shi daga ƙasa aƙalla santimita 15 a kan bulo ko ƙarfe, a janye shi daga bango tafin hannu guda, domin ta bangon ƙasa gara ke bi. A ajiye shi a ɗaki na ciki, nesa da madafa, nesa da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ke cika ɗaki da danshi. Danshin da ake so tsakanin kashi 35 ne da 55 cikin ɗari. Ya haura 65 na kwanaki, fumfuna ta tashi. Ƙaramin ma'aunin danshi mai batir yana da araha, a sa shi cikin akwatin tare da ƙunshin silika jel, a duba duk mako biyu daga Yuli zuwa Oktoba, musamman a Gadarif da Damazin inda damina ke da ƙarfi. A rani matsalar akasin haka ce, takarda ta bushe ta yi ƙaras, sai a rage taɓa ta.

Sabon abin da ya shigo kada ya haɗu da tsohon tari sai ya yi mako uku shi kaɗai a rufaffiyar leda a kan farar takarda. In ka ga gari-gari ya zubo, akwai ƙwaro. Kada ka fesa maganin sauro, mai ne a cikinsa. A ɗaure busasshiyar takardar cikin leda biyu, a sa ta firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifiri na kwana 7, a fito da ita a bar ta awa 24 kafin a kwance ledar, don raɓa ta sauka a kan leda. Wannan sai da wutar da ba ta yankewa. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, gara a share ƙwaron da buroshi a ci gaba da keɓe takardar. In ruwa ya shiga akwati, kana da kamar awa 48 kafin fumfuna: a shimfiɗa takardu ɗaya-ɗaya a inuwa inda iska ke wucewa. Rana tana cinye tawadar hatimi cikin ɗan lokaci.

Hoto, lamba, da tafiya da su

Kowace takarda a ba ta lamba mai kashi uku, gari, gida, takarda, kamar MW-014-03. A rubuta ta da fensir a jikin fayil, ita ce kuma sunan hoton. A ɗauki hoto a inuwa da rana, ba filasha, waya a miƙe sambal saman takarda, rula a gefe, gaba da baya ko da bayan fari ne, sannan hatimi da sa hannu daga kusa. Manhajojin da ke faranta takarda su daidaita gefenta suna goge tabo da launin hatimi, a guje su. In akwai sikana, ɗigo 300 a inci mai launi shi ne mafi ƙaranci, shafin A4 zai kai kusan megabait 26 a tsarin TIFF. Ƙananan katuna a yi su a 600. In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton.

Kwafi uku a wurare uku, ɗaya a wajen ƙasa, wurin ɗan'uwa a Jidda, Makka ko Kano. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna cewa ko Darul Wasa'iƙ ta Khartum, ma'ajiyar takardun ƙasa, ba ta fi ƙarfin haɗari ba, balle akwatin gida. Mai neman kwatanta takardun zamanin Turawa zai sami da yawa a ma'ajiyar Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila. A kuma tuna dokar kayan tarihi ta 1999 tana ɗaukar abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, takardun farkon Rundunar Tsaro kuwa sun fara cika wannan adadi, don haka fitar da na asali daga ƙasa sai da izini.

Kada ka bi hanya da takardun soja a jaka, ko hotunansu a waya. A shingen bincike ba wanda zai tsaya karanta kwanan wata ya ga 1995 ne. Kati mai hoton kaki da tambarin Difa'ush Sha'abi zai iya jawo wa mai ɗauke da shi tsarewa ko abin da ya fi haka, ya kuma jawo wa gidan da sunansu ke jiki. A tura hotunan waje, a goge su daga wayar har da kwandon shara, a bar na asali inda suke. Haka wajen wallafawa a intanet: a rufe nimira, fuska, sunan uwa da unguwa, sai in mai takardar ko magadansa sun yarda da bakinsu, kuma a rubuta ranar da suka yarda a littafin, gefen lambar gidan.